CIWON KAI DA ƊAURIN WUYA

Maganarmu ta yau a kan ciwon kai ce, irin wanda ya ke tasowa daga ƙeya da dokin wuya, ya zagayo har goshi. Ko wane malamin ɗakin shan magani, daga Achida har Gandi, daga Gandi har Shinaka, ya san shi sarai, gama da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai kawo masa wannan kuka ba. Wani ya ce kansa kamar an naɗa masa rawani an ja da ƙarfi. Wata ta ce kamar an aza mata dutsen niƙa. In an tambayi dalili, wannan ya ce sanyi ne ya shige shi, wancan ya ce iska ce, wani ya ce mataccen jini ne ya taru, wani kuwa tun daga gida ya riga ya yanke wa kansa hukunci, hawan jini ne.

Yanzu kuma ga wata sabuwa. Kayan ƙasar Sin sun cika kasuwanninmu, har da man shafawa cikin 'yan gwangwanaye, da ganyen shayi da a ke cewa na magani ne, a cikin waya kuwa samari suna ganin hoton mutum kwance an soka masa allurai a wuya da ka. Sai su zo suna tambaya, shin maganin Sinawa gaskiya ne? Ya fi ƙahon wanzami? Ya fi ƙwayar asibiti? To, karkaɗe kunnuwanka ka ji amsa.

YADDA ZA KA GANE SHI

Wannan ciwon kai shi ne ya fi ko wane iri yawa a duniya. Yakan kama sassan kai duka biyu, dama da hagu. Matsa ya ke yi, ba ya sara kamar bugun ganga. Ba ya sa amai, ba ya zuwa da zazzaɓi, in kuma ka tashi ka yi tafiya ba ya ƙaruwa. Yakan yi rabin sa'a ya tafi, yakan kuma yi kwanaki, har 7. Mai shi yana iya aikinsa, sai dai babu daɗin rai. In ka sa yatsa ka danna ƙasan ƙeya, wurin nan da gashi ya ƙare, ko kan kafaɗa, ko gefen goshi daidai inda ya ke motsi in kana tauna, sai ka ji tsami, wani lokaci har ka taɓa wani ɗan ƙullutu mai tauri cikin nama.

Kada ka haɗa shi da ciwon ɓarin kai. Shi wancan sau da yawa gefe guda ya ke kamawa, yana bugawa, yana tayar da zuciya, mai shi ba ya son haske ko ƙara, ɗaki mai duhu ya ke nema ya kwanta. Shi ma akwai maganinsa, amma ba shi mu ke magana yau ba.

KAI KAYA NE, WUYA NE MAI ƊAUKA

Kan babban mutum nauyinsa ya kai kamar kilo 5, watau ya ɗara galan guda na ruwa. Wannan kaya kuwa a kan 'yan ƙasusuwa 7 na wuya ya ke zaune, tsokoki na baya da na gefe suna riƙe da shi kamar yadda igiyoyi ke riƙe da rumfa. Muddin kai yana tsaye daidai bisa kafaɗu, aikinsu kaɗan ne. Amma da ka sunkuya, nauyin ya rinjaya gaba, sai tsokokin ƙeya su ɗaure su tare shi, ba su kuwa saki sai ka ɗago.

To, duba aikin ƙasarmu. Mai dashen shinkafa a fadamar Wurno tun hantsi ya ke duƙe har azahar. Mai albasa da tafarnuwa a gonakin noman rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo a tsugune ya ke cire ciyawa, kansa a ƙasa. Tela yana kan keke, mai ɗinkin hula idonsa na kan allura, almajiri na kan allo, ɗan kabu-kabu ya ƙanƙame kan babur yana shan gargada, kafaɗunsa sun hau har kunne. Mata kuwa nasu ya fi. Ke da ki ke ɗauko jarka mai lita 25 daga rijiya, ki sani kilo 25 ke nan, nauyin kanki sau 5, bayan ga goyo a baya, ga surfe da daka suna jiranki a gida. Ga kuma abin da kakanninmu ba su sani ba, watau wayar hannu, wadda yaro zai duƙufa a kanta har tsakar dare.

Tsokar da ta daɗe a ɗaure takan yi tsami. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi daga ƙeya da saman wuya kuwa, mahaɗarsu ɗaya da jijiyar da ke kawo labari daga goshi da fuska, can gindin ƙwaƙwalwa. Saboda haka sai labari ya cakuɗe, wuya ne ke kuka amma a goshi ka ke jinsa. Likitoci na yanzu sun ƙara gano wani abu kuma. In ciwon ya yi ta dawowa wata da watanni, jijiyoyin kansu sukan zama masu saurin jin zafi, kamar miki da ko riga ta goge shi sai an ji. Daga nan abu kaɗan ya isa ya tayar da ciwo, ko da tsokar ba ta ɗaure sosai ba.

Ba aiki kaɗai ke ɗaure tsoka ba. Damuwa ma tana yi, har ta fi. Mutumin da ke cikin tunani yakan cije haƙora bai sani ba, ya ɗage kafaɗu, ya tamke goshi, har cikin barci. Ba sai an gaya wa mutanen Raba da Goronyo da Wurno abin da rashin kwanciyar hankali ke nufi ba. Tun daga hare-haren ƙasar Gandi a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, akwai magidanta da yawa da barcinsu ya zama rabi da rabi, kunne a waje. Wanda ya kwana haka ya tashi da ciwon kai, kada a ce masa raki ne. Sauran masu tayar da shi su ne ƙishirwa, musamman a bazara, watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, da yunwa, da hayaƙin icce a ɗakin girki marar taga, da raunin ido ga wanda ya kamata ya sa tabarau. Mai cin goro da mai shan shayi mai kauri, ran da suka rasa sai kai ya sara, shi ya sa kwanakin farko na azumi su ke yi wa waɗansu wuya.

ABIN DA SINAWA SU KE CEWA

Mutanen Sin suna da ilmin magani na gargajiya wanda aka rubuta a littattafai fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Tushen maganarsu shi ne, akwai wani ƙarfi a jikin ɗan Adam, suna kiransa ci, ba cin tuwo ba, kalmarsu ce mai nufin numfashi ko kuzarin rai. Sun ce wannan ƙarfi yana gudu tare da jini ta cikin waɗansu hanyoyi, manyansu 12, kamar yadda ruwa ke bin lambatu ya shiga ko wane fangali. In hanya a buɗe ta ke, lafiya lau. In ta toshe, nan ciwo ya ke sauka. Duk manomin rani ya san abin da ke samun fangalin da ruwa ya daina isa gare shi, saboda haka misalin ba baƙo ba ne gare mu.

Me ke toshe hanyar? Na farko a wurinsu iska ce da sanyi. Sun ce iska ta ƙeya ta ke shiga jiki. Har akwai waɗansu 'yan ramuka biyu a ƙasan ƙoƙon kai, ɗaya dama ɗaya hagu, sa hannu ka ji su, waɗanda suka sa wa suna tafkin iska. Saboda haka tsofaffinsu sukan hana yaro kwana a bakin taga da jiƙaƙƙen kai, su ce a rufe wuya in ana sanyi. Ashe ba haka kakarka ta ke faɗa ba in hunturu ya kama? Na biyu, ɓacin rai. A lissafinsu fushi da takaici a hanta su ke taruwa, sa'an nan su hau sama kamar tururi, kai ya ɗauki zafi, gefen goshi ya riƙa sara. Na uku, jini da ya tsaya wuri guda, wanda ciwonsa kamar sukar ƙusa ne, ba ya gusawa. Akwai kuma na rashi, watau wanda wahala ko haihuwa ko doguwar jinya ta rage masa jini da ƙarfi, kansa na ciwo a hankali, ya fi tsanani in ya gaji. Mai maganin Sin kafin ya ba ka kome sai ya dubi harshenka, ya riƙe wuyan hannunka ya saurari bugun jini, ya tambaye ka daidai inda ciwon ya ke, gama ƙeya da goshi da gefe da tsakar ka ko wane da hanyarsa.

Magungunansu kuwa ga su: tausa, da gasa wuri da ɗumi, da kankare fata da wani abu mai santsi har ta yi ja, da saiwoyi da ganyaye, da sukar allura siririya kamar gashin wutsiyar doki, wadda babu ruwan magani a cikinta. Sai kuma ƙaho. I, ƙaho. Yau da kofin gilashi ko na gora su ke yi, amma da can da ƙahon dabba su ke yi kamar wanzamanmu, har tsohon sunan aikin a harshensu ma'anarsa dabarar ƙaho. A wasannin Olamfik na 2016 duniya ta yi ta mamakin jajayen tabo zagayayyu a kafaɗar wani gwanin ninƙaya na Amurka, Michael Phelps. Da an nuna hoton a kasuwar Achida, babu wanda zai tsaya kallo.

Ka ga ke nan, mutanen da ke can gabashin duniya da mu da ke bakin gulbin Rima, ba mu haɗu mun yi shawara ba, amma bakinmu ya zo kusan ɗaya: sanyi, iska, jinin da ya tsaya, baƙin ciki. Mu ma kuwa ba a bar mu a baya wajen rubutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan Wurno, ya wallafa littattafan magani da Larabci, har da na ciwon ido da na basir. Dalilin da ya sa baki ya zo ɗaya shi ne, jikin ɗan Adam ɗaya ne, masu lura kuma sun lura da gaskiya. Sanyi yana sa mutum ya takure. Ɓacin rai yana ɗaure wuya. Wuraren nan da Sinawa ke kira tafkin iska, nan ne daidai tsokokin ƙeya su ke manne da ƙashin kai, jijiyoyin ƙeya kuma ta nan kusa su ke bi.

Amma lura daban, bayani daban. Likitoci sun daɗe suna binciken jikin mutum, da wuƙa da madubin ƙara girma da na'urorin hoto. Sun ga hanyoyin jini, sun ga jijiyoyi, ba su ga hanyoyin nan 12 ba. Hantar mai ciwon kai kuma in an auna ta lafiyarta lau. Saboda haka in wani ya gaya maka ciwon kanka daga hanta ne bisa ga faɗar Sinawa, kada ka firgita ka ce ciwon hanta ya kama ka, magana ce irin ta azanci, kamar yadda mu ke cewa zuciyar wane ta tafasa.

AN GWADA, ME AKA GANI?

Hanyar sanin gaskiyar magani ita ce gwaji, Sinawa da kansu sun nuna haka. Wata masaniyarsu, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafansu tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta suka gwada tsire-tsire masu yawa, galibinsu ba su yi kome ba. Sai a wajen 1971 suka dace da wani ganye ɗan uwan tazargade, wanda wani malaminsu Ge Hong ya ambata tun shekara 1,600 da suka wuce. Daga cikinsa aka fitar da sinadarin da ke cikin ƙwayoyin zazzaɓi irin su Coartem da a ke ba ka yau a ɗakin shan magani. An ba ta lambar girma ta Nobel a 2015. Ba tsufan littafin ya sa aka karɓa ba, gwajin ne.

An yi wa allurar Sinawa irin wannan gwaji game da ciwon kan da mu ke magana. A 2016 masana suka tattara gwaje-gwaje 12 da aka yi da mutane fiye da 2,000 masu yawan fama da shi. Inda aka ƙara wa mutane allura bisa ga kulawar da aka saba, kamar 48 cikin 100 kwanakin ciwonsu suka ragu da rabi, waɗanda ba a yi wa ba kuwa 17 kaɗai cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga inda gizo ke saƙa. Da aka yi wa waɗansu allurar gaske, waɗansu kuma ta bogi, watau a soka sama-sama ko a wurin da littafi bai faɗa ba, sai masu ta gaske 52 cikin 100 suka sami sauƙi, masu ta bogi 43. Tazarar kaɗan ce. Ma'ana, allurar tana da ɗan amfani nata na kanta, amma babban rabo yana zuwa ne daga kwanciyar da mutum ya yi ya huta, da hannun da ya taɓa shi, da sa rai da ya yi. Duk da haka a Ingila tun 2012 hukumar da ke tsara wa likitoci aiki ta yarda a gwada ta, har sau 10, ga wanda ciwon ya zame masa na kullum. Sai dai aikin gwani ne wanda ya koya, da allura sabuwa daga cikin takarda. Wanda ya soka ta barkatai a kafaɗa ko ƙirji yana iya huda huhu.

Ƙaho kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, abin da suka nuna shi ne yakan rage ciwon wuya da kafaɗa na ɗan lokaci. Ba mu zo rena wanzami ba, sana'a ce ta gado, ƙaho kuma abu ne sananne cikin Musulunci. Amma ka san abu biyu. Jinin nan baƙi mai guda-guda da a ke nuna maka a ce mataccen jini ne, jininka ne mai kyau, ya yi baƙi ya daskare ne don ya fito ya tsaya, kamar yadda jinin rago ke yi ran Salla. Abu na biyu shi ne aska. Ƙwayar cutar hanta mai suna B tana iya rayuwa kwana 7 cikin busasshen jini a bakin aska ko cikin ƙaho, ido ba ya ganinta, goge ta da tsumma ba ya kashe ta. Ƙanjamau da cutar sarƙe haƙora su ma ta tsaga su ke iya shiga. In lalle za ka yi, je da sabuwar reza taka, a buɗe ta a gabanka, ka kuma tabbata an tafasa ƙahon bayan wanda ya riga ka. Ƙahon da ba a tsaga ba ya fi sauƙin haɗari. Mai ciki, da yaro, da mai sikila, da mai ciwon suga, da wanda jininsa ya yi ƙaranci, waɗannan kada a yi musu ko kusa. Macen da ta haihu kwanan nan, idonta fari fat, kanta na ciwo, ƙarin jini ta ke bukata, ba ragi ba.

Kada kuma ka yarda kowa ya kama kanka ya murɗe wuyanka da ƙarfi wai don ya yi ƙara. Akwai hanyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa.

Man shafawar nan mai yaji, kafur ne da sinadarin na'ana'a galibi. Shafa shi a ƙeya ba laifi, yana ɗauke hankalin jijiya. Amma ba a sha, ba a sa wa jariri a hanci. Ganyaye da ƙwayoyin da aka rubuta musu rubutun da ba ka iya karantawa kuwa, ka yi hattara. A farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka haɗa da wata saiwar Sin mai dafi. Abin da ba shi da lambar NAFDAC, bar shi a kan faifan mai talla.

ABIN DA ZA KA YI A GIDA

Mafi yawan maganin wannan ciwo ba na saye ba ne. In kana aikin duƙe, ko wane rabin sa'a ka miƙe, ka ja kafaɗunka baya, ka juya kai a hankali dama da hagu, ka ja haɓa ciki kamar mai ƙin abinci, ka ƙidaya 10, ka saki. Ba ya cin lokacin da ya kai na cin goro guda. Da maraice a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a aza a dokin wuya. Sa'an nan ka sa manyan yatsunka biyu cikin ramukan nan na ƙeya, ka danna a hankali kana murzawa, kana numfashi mai tsawo, kamar minti biyu. Basine zai ce ka buɗe tafkin iska, likita zai ce ka saki tsoka, kai dai sauƙi ka ke nema. Miji ya yi wa matarsa, mata ta yi wa mijinta, ba abin kunya ba ne.

Ke mai ɗaukar ruwa, yi gammo mai kauri, ki nemi wanda zai aza miki ya kuma sauke miki, kada ki fizgi kaya ke kaɗai. Sawu biyu da rabin jarka ya fi sawu guda da cikakkiya. Yarinya ƙarama kuwa kada a ɗora mata kayan babba. Matashin kai kada ya yi tudu har wuya ya karkace. Je gona da gorar ruwa, in fitsarinka ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa ne jikinka ke roƙo. Mai azumi ya sha isasshe tsakanin buɗa baki da sahur, kada ya bar sahur. Abin da ke cin ranka kuma, faɗa wa wani amini ko malami, ko malamin asibiti. Shiru da shi yana ƙara ɗaure wuya.

MAGANAR ƘWAYA

Farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane. Babba ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada ya sake sai bayan sa'a 4 zuwa 6, kada kuma ya wuce ƙwaya 8 daga safiya zuwa wata safiyar, gama fiye da haka yana lalata hanta. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna aiki, amma ba a shan su da yunwa, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai ciki su nisance su sai da izinin likita. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Maganin ciwon kai da kansa yana kawo ciwon kai. Wanda ya ke shan irin waɗannan ƙwayoyi kwana 15 ko fiye a ko wane wata, har wata 3, sai jikinsa ya saba, da ƙarfin ƙwaya ya sauka sai kai ya ɗauka, ya sake sha, haka dai kamar jakin da ke zagaya turke. Masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin kwana 10 a wata ya isa su jefa mutum cikin wannan rami, ban da bautar da su ke sa shi. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi a 2018. Saurayin da ke haɗiyar tiramadol don ya yi noman mutum biyu, bashi ya ke ci daga jikinsa. Haɗin nan kuma na ƙwaya ja da fara da rawaya da a ke ƙullawa a leda ran kasuwa, mai sayarwa ma bai san abin da ke ciki ba. In ka ga ciwon kanka ya kai kwana 15 a wata, daina saye, zo a duba ka. Akwai wata ƙwaya ta rigakafi da likita kan rubuta a sha da dare, ba ta kashe ciwo nan take, amma cikin makonni tana rage zuwansa.

CIWON KAN DA BA A KWANA DA SHI

Yanzu ga maganar da ta fi duk wadda ta gabata nauyi. Ɗaurin wuya na gajiya da sanƙarau suna iya kama da juna ran farko, amma ɗaya tausa ya ke so, ɗayan yana iya kashe mutum cikin kwana guda. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, lokacinsa kuwa daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwan farko. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya sake tasowa daga Zamfara ya shigo Sakkwato da maƙwabta, fiye da mutum 1,000 suka rasu. Alamarsa ita ce zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da suka zo farat ɗaya, da amai, da ƙin haske, wuya ya sandare har mutum ba ya iya kai haɓarsa ƙirji. Mai ɗaurin wuya na aiki yana iya sunkuyawa ko da yana jin ja, jikinsa kuma ba zafi. Ga jariri kada a jira wuya ya sandare, in ya ƙi nono, yana kuka mai tsini, maɗigarsa ta kumbura, a ɗauke shi nan da nan. A nan babu ƙaho, babu turare, babu sai gobe. Allurar asibiti tana warkar da shi in an zo da wuri. Akwai kuma ta rigakafi, a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri 5 na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo ƙofar hakimi ko dagaci, fito da iyalinka.

Ciwon kai da zazzaɓi da damina ko kaka, a fara auna jini don cizon sauro, ɗan tsinken awon minti 15 zuwa 20 ya ke ɗauka. Mai ciki da ta wuce wata 5, ko mai jego, in kanta ya yi ciwo mai tsanani, fuska da hannu suka kumbura, tana ganin dishi-dishi ko walƙiya, jijjiga ce ke tafe, a kai ta a auna jininta a ranar, ko da dare ne. Haka kuma a gaggauta da wanda ciwon kai ya sauko masa kamar tsawa, irin wanda bai taɓa ji ba, da wanda bakinsa ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, da wanda ya faɗo daga babur ya bugi kai sa'an nan ya fara amai ko yawan barci, da wanda ya suma ko ya rikice, da dattijon da ya haura 50 sabon ciwon kai ya same shi yana ƙaruwa kullum. In mutanen ɗaki guda duka suka tashi da ciwon kai da jiri, a dubi janareta ko kaskon gawayi, a fitar da kowa waje. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gona ya dawo da ciwon kai da dalalar miyau da gumi, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi da sabulu, a kawo shi tare da kwalbar maganin.

Hawan jini kuwa, sau da yawa ba ya ciwon kai ko kaɗan, shiru ya ke ɓarnarsa. Ba a gane shi da ji, sai da awo. Duk ran da ka zo ɗakin shan magani, ko da ƙaya ce ta kawo ka, miƙa hannu a auna. In ya kai 140 bisa 90 ko fiye a zuwa daban-daban, za a gaya maka abin yi.

Sa'ad da za ka zo, zo da kwalayen duk abin da ka ke sha, na kanti da na gargajiya, kada ka ɓoye, ba faɗa za a yi maka ba. Kafin nan ka sami 'yar takarda, ko ka riƙa jefa tsakuwa cikin gwangwani, ɗaya ga ko wace ranar da kai ya yi ciwo, wani gwangwanin kuma ga ko wace ranar da ka sha ƙwaya, har wata guda. Da wannan lissafi malamin zai san ko naka na gida ne, ko kuwa ya rubuta maka takarda zuwa babban asibitin Wurno ko Raba ko Goronyo, in ta kama kuma har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.